Lahadi Takwas a Ɗakin Kulu

Kiru,
Ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗana Inuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri, kai da maiɗakinka Bushira da abokina Khalifa, wanda shekararsa biyar a duniya amma har yau muryarsa kaɗai na sani. Allah Ya yi wa aikinka albarka a can Malesiya, Ya tsare ku daga sharrin baƙunta. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, masara ta shigo gida, shinkafar fadama ce ruwa ya ɗan kwantar amma ba ta lalace ba. Buba ya dawo da shanu daga wajen Doguwa, saniya ɗaya ce ta karye a hanya aka yanka. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, ita ke faɗa mini za a yi ruwa tun kafin hadari ya haɗu.

Za ka yi mamakin ganin takarda. Ni ban iya wannan maganar da ake danne waya a yi ta zuba ba, da na fara sai na ji kamar ina yi wa randa jawabi. Don haka na zauna na rubuta, 'yata Safara'u za ta ɗauki hotonta ta tura maka. Ka karanta a zaune, kada ka karanta kana tafiya, domin ba gajeriya ba ce, kuma ba duka ce mai daɗi ba.

Na ji saƙon muryar da ka aiko wa Safara'u. Sau uku na sa ta kunna mini. Ka ce aikin minti biyar ne muka mayar na wata biyu. Ka ce ka aiko da kayan da ko a Kano ba kowane gida ke da irinsu ba, an kasa jona waya ɗaya. Ka ce ba za ka ƙara ɓata Lahadinka kana zaune gaban kwamfuta ana katse ka ba, sai ranar da aka samo wanda ya san abin da yake yi. Ba ka furta kalmar ƙauyanci ba, na yaba maka, amma tana nan zaune a tsakiyar maganar ta miƙe ƙafa. To an gano matsalar, Inuwa. Ni na gano ta, ni da ban san gaban kwamfuta da bayanta ba. Sai dai kafin in faɗa maka, sai ka bi ni ta hanyar da muka bi, domin ka san abin da aka sha a gidan nan.

Ka tuna yadda aka fara. Likitan ido a Kano ya ce idon hagu na mahaifiyarka Kulu ya tafi, na dama kuma hawan jinin ido yana cinsa daga gefe zuwa tsakiya. Na kira ka na ce shekara bakwai ta isa, ka zo. Ka ce aiki. Bayan wata guda sai ga mota a ƙofar gida da kwali huɗu. Mun ce ka zo, kwali ya zo. Talabijin mai faɗin ƙyauren zaure, da baƙin akwatin sauti da kuke kira amfilifaya, da lasifika biyar da wata ƙatuwa ta shida mai kama da turmi, da ƙaramar kwamfuta mai murfi. Ka turo masu sola suka hau rufin kwano. Ka ce tunda ba ta ganin fuskarka a waya, yanzu za ta gan ka kamar kana ɗakin. Maƙwabta suka yi ta shigowa suna sa maka albarka. Ni ma na sa, ban hana ka ba.

Na aika aka kira Malam Jibrin mai gyaran rediyo daga Kwanar Ɗangora, mutumin da ya yi shekara talatin yana ta da matattun rediyoyi. Ya juya bayan akwatin sautin ya ƙirga ramuka, ya wuce ashirin, ya cire hula ya sosa kai, ya ce a zamaninsa rediyo baki ɗaya gare ta kuma ba ta taɓa yi masa gardama ba. Ya ɗauki wayar nan mai faɗin baki da kuke kira HDMI, ya cusa ta inda ta shiga, ya ɗauki ta biyu ya kai talabijin. Muka kunna. Talabijin ta yi shuɗi kamar an tsoma ta a marina, da wani ɗan rubutu yana yawo a kai. Yini guda yana cirewa yana mayarwa. Da la'asar ya ce kayan Turawa ne, sai ɗan boko.

Ranar Asabar Safara'u ta zo daga Bebeji, ka san yanzu ita ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata. Ta durƙusa ta haska bayan akwatin ta karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin kowane rami. Ta yi mana bayani yadda za mu gane, ta ce akwatin kamar gida ne mai ƙofofin shiga da yawa amma ƙofar fita ɗaya tak, kuma Malam Jibrin ya kawo kwamfuta ya tsayar da ita a ƙofar fita, talabijin kuma ya kai ta ƙofar shiga, kowa yana jiran kowa. Ta sauya su. Sai sauti ya ɓarke har kaji suka watse a tsakar gida, amma babu hoto. Ta ce ita ma talabijin ramuka uku gare ta, wayar tana na biyu, ita kuwa tana sauraron na ɗaya. Ta danna rimot. Hoto ya fito, amma wani tsauni ne da ruwa, ba abin da ke kan kwamfutar ba. Ta danna maɓalli biyu tare ta zaɓi a nuna abu ɗaya a duka biyun. Daga nan sauti ya gudu ya koma cikin ƙaramar kwamfutar yana magana kamar sauro, lasifika shida suna tsaye suna kallo. Ta bi shi ta kamo shi ta dawo da shi. Kafin magariba ta kira wata ƙawarta a Tudun Wada, muka gan ta a bango ƙatuwa, muka ji ta tangaram. Malam Jibrin ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan.

Lahadin farko da hantsi, lokacin da ka ce ya yi daidai da yammacinku, ka kira. Fuskarka ta cika bango. Na ga furfura a haɓarka, abin da ban shirya gani ba. Muka gaisa. Mahaifiyarka tana can ƙuryar ɗaki a kan tabarma, ta juya gefe, kanta a ƙasa, mayafi har goshi. Kai ɗan fari ne, ba sai na koya maka ba. Tun da aka yaye ka aka kawo ka wajena, ba ta taɓa kiran sunanka ba, sai dai ta ce da ni ɗan naka. Kai ma Adda kake ce mata. Jinin Filanin da muka ɗauko ta wajen uwa ya fi kama ta fiye da mu duka. Na san muddin akwai ido a ɗakin ba za ta ɗaga kai ba, ko da za a shekara. Sai na yi abin da kowane babba zai yi, na ce kowa ya fita a ba ta wuri. Muka fita na ja ƙyaure. Ban kai gindin darbejiya ba sai ga wayar Safara'u tana kuka, kai ne, ka ce an katse. Muka yi gyaran murya muka koma. Kwamfuta tana buɗe yadda muka bar ta, talabijin ta yi shuɗi, Kulu tana kan tabarmarta.

Haka aka yi Lahadi ta biyu, haka ta uku. Safara'u ta ce kamar kwamfutar barci take yi da kanta, ta shiga cikinta ta hana ta barci in an bar ta shiru. Bai hana ba. Ta ce wataƙila wayar ce, aka sayo sabuwa daga Kano, mai kauri da bakin ruwan zinariya. Bai hana ba. Ta cire akwatin sautin daga tsakani ta jona kwamfuta kai tsaye da talabijin, ko shi ne yake yanke hoton. Bai hana ba. Malam Jibrin ya ce zafi ne, ya kafa wa akwatin fanka shi kaɗai kamar mai jego. Masu sola suka zo suka auna batir suka ce ba daga wajensu ba ne. Aka ɗora laifi a kan sabis, aka ɗaura na'urar sabis ɗin a kan gora aka ɗaga ta sama da katanga. Abin da ya fi ba mu haushi, muna ɗakin ba ya yankewa. Za mu yi rabin awa muna hira da kai lafiya lau, Kulu tana kallon tabarma, da mun fita sai ya mutu. Malam Jibrin ya ce shi ya ga injin da ba ya son ruwa, ya ga wanda ba ya son rana, amma bai taɓa ganin wanda ba ya son kaɗaici ba. Sau ɗaya Safara'u ta tambayi gwaggonta ko ta taɓa wani abu. Kulu ta ce ita me ta sani a ciki. Aka bar maganar. Wa zai zargi tsohuwa mai rabin ido da abin da ya gagari malamar kwamfuta? Kai kuma kowace Lahadi muryarka tana ƙara gajarta, gaisuwarka tana ƙara ƙanƙancewa, ta shidan ma ba ka tambayi gwiwata ba.

A wannan Lahadi ta shida na manta sandata a ɗakin. Na juyo tun kafin ka kira Safara'u, babu takalmi a ƙafata, ban yi gyaran murya ba domin ban yi niyyar shiga ba, taga kawai na leƙa in ga inda na jingine ta. Sai na ga ƙanwata ta tashi. Ba ta bi ta gaba ba, ta zagaya ta bayan tebur tana lalube, ta sa hannu biyu ta rufe murfin kwamfutar a hankali, kamar mai rufe kwanon miya. Sannan ta yi sauri, irin saurin da na yi shekara ashirin ban gan ta da shi ba, ta jawo kujera 'yar tsugunno gaban talabijin, ta yaye mayafi daga goshi, ta ɗaga kai. Kafin ta gama zama ka riga ka ɓace. Ta zauna tana kallon shuɗin nan, tana karkata kai dama da hagu tana neman ka a ciki da ɗan abin da ya rage mata na ido. Da ta ji wayar Safara'u ta yi kuka a waje, sai ta miƙe ta buɗe murfin, ta mayar da kujera, ta koma tabarma ta ja mayafi. Na bar sandar a can. Ban san yadda na isa zaure ba.

Bayan la'asar na same ta tana tsince wake da lalube. Na zauna na yi ta kewaye-kewaye, na yi maganar shanun Buba, na yi maganar farashin taki, sannan na ce na dawo ɗaukar sanda ɗazu. Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Daga baya ta ce, tana kallon waken, ranar da aka haɗa kayan ta ji Safara'u tana nuna wa Malam Jibrin wani ɗan ɗigo a saman murfin, ta ce ta nan ne kake ganin mu. Ita kuma sai ta yi lissafin cewa in ta rufe ƙaramar, idonka zai rufu, kai kuwa za ka zauna a cikin babbar. Kowace Lahadi tana zaton rashin sauri ne ya sa ba ta riske ka ba, don haka ta gaba sai ta ƙara sauri. Ta ce shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa tsayar da ido a fuskarka ba. Ta san ƙeyarka, ta san tafiyarka, ta san tarinka a cikin maza goma, amma fuska sai dai a sace, ta gefen ido, kuma gefen idon shi ne ya fara tafiya. Ta ce sau ɗaya take so ta dube ka sosai ta ƙoshi, ba tare da kana kallonta tana kallonka ba. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce ta faɗa wa wa, da wane baki. Sannan ta roƙe ni kada in gaya wa kowa, musamman ɗan nawa.

Ga shi na karya mata, kuma zan amsa wannan a gabanta ko a gaban Allah. Ba zan zagi al'adar da aka haife mu a ciki ba, ni na ja ƙyauren da hannuna saboda ita, kuma ƙyauren nan shi ya ɓoye mana abin har mako shida. Laifina na ɗauka. Amma kai, Inuwa, da ka yi karatun da ya kai ka bayan teku, ka ƙirga mana minti biyar, ka lissafa irin kayan da ka aiko, ba ka taɓa tambaya ko sau ɗaya ba me Adda take yi idan an fita. Ka tambayi waya, ka tambayi batir, ka tambayi lambar da ke jikin akwati. Akwatin ya fi ta samun gaisuwa.

Safara'u kaɗai na faɗa wa, domin dole. Ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta ta dawo. Gyaran da ya gagari waya mai bakin zinariya, ɗan guntun baƙin salatif ne ya yi shi, wanda bai kai farcen babban yatsa ba. Ta liƙa shi a kan ɗigon. Ta kama hannun gwaggonta ta ɗora a wurin ta ji shi da yatsa, ta ce mata ƙura take karewa, amma ta sani cewa muddin yana nan babu mai ganin kowa daga can, kuma murfin in an rufe shi komai mutuwa yake yi. Kulu ta ce ita ina ruwanta. Amma ta shafa salatif ɗin sau biyu.

Lahadi ta bakwai tun da safe ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da Bushira ta aiko mata, ita da ta san ba mai ganinta. Batir ya cika, sabis ya cika, hoto ya tsaya cak, lasifika shida suna jira. Muka fita tun kafin lokaci don kada ta takura. Ba ka kira ba. Tana kan kujerar nan har aka kira azahar. Washegari saƙonka na minti biyar ya iso. Safara'u ta rubuta maka cewa an gyara, ka amsa da cewa haka aka ce maka sau biyar a baya. Lahadi ta takwas ta sake ɗaura atamfar. Safara'u ta tausaya mata ta sa hotonka na ranar gama karatu a talabijin. Kulu ta ɗan duba ta ce wannan ai na da ne, a cire. Bayan haka ta tashi ta ninke atamfar ta sa a ƙasan akwati.

Ranar Alhamis da ta wuce na mayar da ita wajen likita. Ya ce abin da take gani yanzu kamar mai leƙe ta ramin kara ne, kuma ramin yana tsukewa. Maganin ɗigawa jinkirta shi kawai yake yi, ba ya dawo da abin da ya tafi. Na tambaye shi ko za ta kai azumi da shi. Ya ce sani sai Allah, ya kau da kai ya hau rubutu. Na girme shi da shekara talatin, na san ma'anar mutum ya hau rubutu.

Na yi wata biyu ina jin haushin kwalayen nan, kuma har gobe ina ji, domin kwali ba ya cin tuwon uwarsa. Zuwanka yana nan a wuyanka, ban sauke maka ba. Amma gaskiya ɗaya ta kama ni dole in faɗe ta: ko yau ka sauka a ƙofar gidan nan, ka durƙusa a gabanta, tabarma za ta kalla. Wannan bangon gilashin da na raina shi ne kaɗai wurin da za ta iya dubanka. Ka aiko da abin da ya dace ba tare da ka san dalili ba, sannan ka yi fushi ka tafi ana gab da amfaninsa.

Don haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba, ni na goya ka. Ranar Lahadi mai zuwa, lokacin da ka saba, ka kira. Ka zauna inda haske yake dukan fuskarka, ka cire tabarau, kada ka yi ta motsi, domin sai ta bi ka gaɓa-gaɓa, ta ɗauki goshi, ta ɗauki ido, ta ɗauki baki, sannan ta haɗa. Kada ka ce Adda kina ji na, kada ka nuna ka san komai, in ka nuna ka kashe ni ka kashe maganar. Ka yi kamar da ni kake, ka ba ni labarin aikinka da abincin ƙasar da duk shirmen da ya zo bakinka, rabin awa ko fiye, ko da ba ka ji an amsa ba. Ni ina gindin darbejiya. A wajenka ba za ka ga komai ba sai duhu, baƙi ƙirin. Kada ka kashe, kada ka kira Safara'u ka ce ya lalace. Bai lalace ba. Uwarka ce take kallonka.

Ka gaishe mini da Bushira da kyau, ka ce mata atamfa ta yi kuma an ɗaura. Ka shafa mini kan Khalifa, in ya yarda ya zauna a cinyarka ranar, ka bar shi, amma daga baya, bayan an gama da kai. Safara'u tana gaishe ka, duk da ta ce kada in rubuta. Buba da iyalinsa suna gaisuwa, haka Maikano da mutanen gidansa. Malam Jibrin ya ce a gaishe ka, har yanzu yana nan a kan cewa zafi ne, na bar shi a haka. Ita kam ba ta ce a gaishe ka ba, ka san ba za ta ce ba. Sai dai tun da gari ya waye sau uku tana tambayata yau wace rana, kuma jiya na ga ta fito da atamfar ta shanya.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka ji. Wassalam.

Ni ne kawunka,
Balarabe